Tarihin Leƙen Cikin Ƙwayar Yis da Madubin Ilektiron

A Berlin aka ƙera madubin ilektiron na farko a 1931, aikin Ernst Ruska da Max Knoll. Madubi mai aiki da haske ba ya iya rarrabe abu biyu idan tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200. Sabon kuwa ilektiron yake harbawa, ya kuma ƙetare wannan iyaka tun 1933. Siemens ya fara sayar da shi a 1939.

Yis, wanda ake kumbura burodi da shi, ya daɗe yana ba masu aiki da wannan madubi wuya. Bangon ƙwayarsa kauri gare shi, sinadaran da ake sandarar da ita da su kafin a yanka ba sa ratsa shi da sauƙi. A 1963, a Zurich, Hans Moor da Kurt Mühlethaler suka daskarar da ƙwayar, suka fasa ta, suka ɗauki tambarin fuskar da ta fashe, sai kayan cikinta suka fito sarai.

Hoton lafiyayyar ƙwaya dai siffa kawai yake nunawa. Aikin kowane sashe sai an gurgunta shi ake gane shi, kuma a nan ne yis mai tawaya a ƙwayoyin gado ya yi rana. Daga wajajen 1970 Leland Hartwell ya ware ire-iren da ke daina rabuwa idan zafi ya kai digiri 36, Breck Byers da Loretta Goetsch suka duba inda kowane ya tsaya. A 1979 Peter Novick da Randy Schekman suka ga 'yan jakunkunan furotin sun cunkushe cikin ƙwayar da ta kasa fitar da su.

Magani shi ne hanya ta biyu ta gurguntawa, ya kuma fi sauri, tunda mai bincike ke zaɓar lokacin zuba shi. Nocodazole yana wargaza zaruruwan da ke raba kayan gado. A 1991, a Basel, yis ɗin da rapamycin bai hana shi girma ba ya tona asirin ƙwayoyin gado na TOR. A 1992 Yoshinori Ohsumi ya hana yis abinci, ya toshe narkewar furotin ta hanyar tawayar gado ko da sinadarin PMSF, aka ga guntattakin jikin ƙwayar sun taru a rumbunta: tana cin kanta don ta rayu. A 1998 shi da Takeshi Noda suka nuna rapamycin yana tayar da wannan cin kai ko da abinci ya wadata.