Daga Umaru Dallaji Zuwa Kwamfuta: Yaya Ake Gane Umarni Mai Kyau?

A kakar bara wani ɗan kasuwar hatsi ya ba ni aikin haɗa masa manhajar da za ta riƙa lissafa kayan da yaransa suke sayowa a kasuwannin Ƙanƙara da Sheme ta Faskari da Sabuwa. Shi yana zaune a Funtuwa, domin tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin yankin ya daina zuwa da kansa. Ni kuma, kamar yawancin abokan sana'ata a yau, umarni na rubuta na miƙa wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke karanta abin da ka ce, ta rubuta maka wata manhajar, ta gwada, ta gyara. Wani layi a umarnin ya ce a fitar da kuɗin buhu daga kuɗin tiya. Wakilin ya ɗauka kowane buhu tiya 40 ne, ya gina gwajinsa a kan wannan zato, gwajin ya ci, ya ce ya gama. Mako uku lissafin maigidan yana saɓa wa na yaransa, har ya fara zargin ɗaya daga cikinsu da ha'inci, kafin muka gano cewa buhunan ba girmansu ɗaya ba, kuma cikar tiya a wannan kasuwa ba ita ce a waccan ba. Yaron bai ci ko kwabo ba. Laifin na umarnina ne.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma mulki da fatauci ba su taɓa tafiya ba sai da saƙo. Don haka tambayar da ke damun masu manhaja yanzu, ta yadda za a gane umarni mai kyau kafin ya yi ɓarna, tsohuwa ce a ƙasar nan.

A wajajen 1492 Shehu Muhammad al-Maghili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya yi magana a kan tsara ma'aikata da binciken al'amura da hukunci da tara dukiya da kashe ta. Abin da ya fi nanatawa shi ne haɗarin sarki ya kulle kansa ga barin talakawansa. Darasin a fili yake: wanda ya ba da umarni bai sauke nauyi ba har sai ya ga abin da aka aikata da sunansa.

Bayan shekaru fiye da 300, Umaru Dallaji, wanda ya zama sarkin Katsina na farko bayan jihadi a 1807, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuto masa jagora. Amsar ita ce Usulus Siyasa, mai ginshiƙai bakwai. Daga ciki akwai zaɓen ma'aikata nagari da gindaya musu sharaɗin adalci, da kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Idan mai manhaja ya karanta shi, abin da zai fara lura da shi shi ne Bello bai tsaya ga cewa a yi kaza ba. Kowane ginshiƙi ya zo da dalilinsa. Wannan yana da amfani a aikace. Ƙasashen da yau muke kira Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tafiyar kwanaki ce a kan doki daga birnin Katsina, kuma babu takardar da za ta hango duk rikicin da zai taso a can. Wakilin da ya san dalili yana iya yanke shawara daidai a inda takarda ta yi shiru. Wanda aka ba doka tsurarta sai dai ya yi zato.

Turawa sun zo da wata hanyar. A 1906 Lugard ya fitar da kundin umarni ga jami'an mulkinsa, ya faɗaɗa shi bayan haɗe Arewa da Kudu, aka sake buga shi a 1919. Nasu tunanin shi ne a rubuta komai dalla-dalla, a kuma sa ma'auni. A lardin Kano, wanda Katsina ke cikinsa a lokacin, an shigo da harajin taki: malamai su auna gona da takun ƙafa, a yanka haraji bisa faɗinta. A takarda babu abin da ya fi wannan adalci. A gona kuwa, ƙafar wani ta fi ta wani tsawo, kuma taku yana iya buɗewa ko ya tsuke gwargwadon abin da mai gona ya miƙa. Koke-koke suka yi yawa, daga baya aka yi ta janye tsarin. Ma'aunin da bai tsaya a wuri ɗaya ba ya fi rashin ma'auni haɗari, domin yana sanya wa zalunci rigar lissafi. Tiyata ta bara taki ce a sabon kaya.

Masu ƙirƙirarriyar basira sun faɗa wannan ramin su ma. A 2023 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka suka fitar da jarrabawa mai suna SWE-bench, wadda ta ƙunshi ayyuka 2,294 na gyaran manhaja da aka kwaso daga GitHub, domin auna ƙwarewar waɗannan wakilai. A 2024 kamfanin OpenAI ya sa ƙwararru 93 su duba 1,699 daga cikin ayyukan. Suka tarar kusan kashi 38 cikin 100 bayaninsu bai isa a san abin da ake nema ba, kashi 61 cikin 100 kuma gwajinsu yana iya kayar da amsar da take daidai. A ƙarshe 500 aka tace aka fitar. Ashe wani ɓangare na abin da ake kira gazawar ɗan aike, gazawar mai aiken ce. A 2025 kuma ya zama al'ada a ajiye fayil mai suna AGENTS.md a cikin aiki, inda ake gaya wa wakilin yadda ake gina manhajar da yadda ake gwada ta da inda bai kamata ya taɓa ba.

Daɗin karatu ba ya nuna ingancin irin wannan fayil. Nawa na bara ya karantu sumul. Yanzu kafin in yarda da umarni, nakan miƙa shi ga sabon wakilin da bai san komai game da aikin ba, sau uku ko huɗu, in kwatanta abin da ya fito. Inda sakamakon ya rarrabu, nan ne na bar giɓi. Nakan duba ko na faɗi dalili kamar yadda Bello ya yi, ko kowane ma'auni yana da ma'ana ɗaya, ko kuma wanda ya yi aikin shi ne ya rubuta wa kansa jarrabawa. Na kuma ƙara layi guda: idan ka ga adadin da ban fayyace ba, ka tsaya ka tambaye ni.

Manhajar hatsin tana aiki yanzu da kilo, kowane buhu sai ya hau sikeli. Yaron da aka zarga yana nan a bakin aikinsa. Na je Funtuwa da kaina na ba shi haƙuri a gaban maigidansa, domin wannan ba abin da za a tura wa saƙo ba ne.