Gwauro Mai 'Ya'ya a Birni: Gurbin da Fim ɗin Hausa Bai Cike Ba

Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa bai rasa baƙauyen da ya shigo birni ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sha fitowa a irin wannan matsayi, 'yan kallo kuma suka yi dariya har da hawaye. Sai dai kusan kullum baƙauyen ne abin dariyar. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, halin da kudancin Katsina ya shiga ya wajabta a sake wa wannan dariya alƙibla.

Wanda ya baro Sheme ko ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara a 'yan shekarun nan ya sha bamban da ɗan ci-rani na da, mai komawa gona da faɗuwar damina. Tun kafin sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan bindiga suke tayar da garuruwa, mutane na kwarara Funtuwa da Katsina da Kano. A cikinsu akwai magidancin da ya rasa mata, ya tsira da yara. A al'ada kaka ko gwaggo ce ke ɗaukar marayu, don haka ganin namiji shi kaɗai da 'ya'ya shaida ce cewa dangin ma sun watse. Ga shi a kangon gini: da asuba ya tura kurar ga-ruwa, da yamma ya durƙusa gaban murhu yana tuƙa tuwon da ya yi gudaji, 'yarsa 'yar shekara bakwai tana gyara masa riƙon muciya.

Akwai ban dariya a wannan, kuma ba laifi ba ne a nuna shi. Bahaushe ya daɗe yana tsokanar gwauro, kamar yadda wasan Nalako na tashen Kano ya nuna. Amma waccan tsokana matsin lamba ce a kan wanda ake ganin ya ƙi aure da gangan, ba ta dace da wanda ƙaddara ta gwaurantar ba. Charlie Chaplin ya nuna wata hanya a fim ɗinsa The Kid na 1921: yaro ya fasa gilashin taga, uban riƙonsa ya biyo baya yana neman aikin gyara. Mai kallo yana dariyar dabarar, zuciyarsa kuma tana tare da su biyun.

Za a ce masu kallo sun gaji da labarin baƙin ciki, soyayya da waƙa suke saye. Wannan ma hujja ce a gare ni, domin barkwanci ne kaɗai zai zaunar da su har su kalli talaucin da suke wucewa kullum a bakin titi. Marubutan Kannywood su je Funtuwa su saurari waɗannan iyaye kafin su ɗauki alƙalami.