Daga Tudun Wurno Zuwa Bakin Tabki: Tafiyar Yini Guda

Mun ji labari a ƙasashen Turai 'yan makaranta sukan ɗauki guzuri ran hutu, su hau dutse da ƙafa har su kai wani tabki da ke can bisa, su yini, su komo gida kafin duhu. To, mu a gabashin Sakkwato ba mu da duwatsu masu tsawo irin nasu, balle tabki a bisansu. Tuddai gare mu masu kan marmara, tabkunanmu kuwa a gindinsu suke. Amma kada wannan ya karya muku zuciya, samari. Akwai wata tafiya mai sauƙi, daga garin Wurno zuwa tabkin Lugu da ke kusa da shi, wadda ko ɗan aji uku ya iya yinta a yini ɗaya. Wanda ya yi ta da ido buɗe zai karanta tarihin ƙasarsa a ƙasa, ba a allo ba. Gani ya kori ji.

Sai a yi sammako, bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi zafi ba. Kafin ku gangara, ku tsaya bakin tudun da garin yake, ku dubi ƙasa. Ga kwarin Gulbin Rima nan shimfiɗe, fadama iyakar ganinku. Ku tambayi kanku, me ya sa aka kafa gari a nan?

Ga dalili. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817. Ko da yake an ci Alƙalawa tun 1808, Gobirawa ba su sallama ba, kuma kwarin nan na Rima shi ne hanyar da su da Azbinawa sukan biyo su tasam ma Sakkwato. Saboda haka, bayan ya yi shekara goma da 'yan kai bisa mulki, Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, watau garin da jama'a ke zaune a bakin iyaka suna tsaron na bayansu. Ya zaɓi tudu don mai gadi ya hangi ƙurar dawaki tun daga nesa. Ya zaɓi gefen fadama don mayaƙa su ci da guminsu, kada su zama kaya a kan talakawa. Ya kuma ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. A 1836 ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke. A shekara ta biye, 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a nan ya fi zama. Shi ne ya sauki Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, a 1853.

In kuka juya kudu, bayan tuddai, can Raba take a bakin Gulbin Sakkwato. Ita ma zuriyar Bello ce ta riƙe ta. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877, da sunanta ake kiransa. A can aka haifi jikansa Ahmadu Bello, wanda ya zama Sarkin Raba a 1934, Sardaunan Sakkwato a 1938. Kun ga dai shirin ɗaya ne: gari a wurin tsaro, ruwa a kusa.

To, sai gangara. Kada ku yi gaggawa. Ku dubi gefen tudun inda ruwan sama ya zaizaye. Za ku ga ƙasar hawa-hawa take, kamar an jera tabarmi: marmara a bisa, a ƙarƙashinta rairayi mai laushi da yumɓu. Wannan ma tarihi ne, wanda ya girmi na sarakuna nesa ba kusa ba. Masana duwatsu sun gano kamar shekara miliyan 70 da suka wuce teku ce ta shigo daga arewa, ta ratsa inda Sahara take yanzu, ta rufe ƙasar nan. Laka da rairayin da suka kwanta a gindinta da gaɓarta su ne tuddanmu. Har sun raɗa wa hawa-hawan nan sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno. A tuddan ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai dogon baki da haƙora, dangin guza da damo, amma ta fi su girma ƙwarai. Wani Bature, Swinton, ya fara bayyana ta a 1930. Daga baya masana daga Italiya suka sami ƙarin ƙasusuwa a Taloka, a 1972 suka sa mata suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Yau ɗaliban duniya suna karanta sunan Goronyo a littattafansu. Ashe ba abin kunya ba ne ɗan Goronyo ya zama shi ne bai sani ba?

Da kun sauka fadama tafiya ta yi sauƙi. Da damina shinkafa za ku ratsa, da rani kuwa albasa da tafarnuwa da alkama. Ku gai da manoma da ladabi, ku bi kunya, kada ku taka shuka. Kafin rana ta take kun isa bakin ruwa. Ku nemi inuwa, ku kwance guzuri, ku kalli masunta da tsuntsaye. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga.

Tabkin Lugu datse shi aka yi don a shayar da gonakin Wurno da rani. Yana da babban wa a gabas, madatsar ruwa ta Goronyo a bisa Gulbin Rima, wadda aka gama a 1984, aka buɗe a 1992. Tsawon bangonta kilomita 12.5, tsayinsa mita 21, an kuwa gina ta don ta riƙe ruwa mita murabba'i mai zurfi miliyan 942. Da ita ake noman rani, daga gare ta kuma ake sakar wa Sakkwato ruwan sha. Amma ruwa ba ya da amana ga wanda ya yi sake da shi. A 2010 ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki masu yawa a kwarin nan. A 2018 kuwa tabkin Goronyo ya janye har hankalin mutanen birni ya tashi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne laka. In aka sare itatuwan tudu, ruwan sama sai ya kwashe ƙasa ya zuba a gulbi, gulbi ya kai ta tabki, tabki ya cike sannu a hankali. Zaizayar nan da kuka gani da safe, ga inda take ƙarewa.

Da la'asar sakaliya sai ku kama hanyar gida, ku hau tudun da kuka sauko. Bello ya san tudu da fadama abokan juna ne, ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. A zamaninsa abin tsoro mahaya ne. A namu kuwa gatari ne da sakaci. Ku ne malaman gona da injiniyoyi da hakiman gobe, ribaɗin yanzu a hannunku yake.

Muna roƙon malamai su kai yaransu wannan tafiya, ko da sau ɗaya a shekara. Kowane yaro ya riƙe ɗan littafi da fensir, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma tambayi tsofaffin garin abin da suka ji daga kakanninsu. Allah ya sa mu amfana, amin.