Yadda admin zai samu izinin shiga foldar ma'aikata ba tare da ya tsayar musu da aiki ba

Yaranmu da yawa a Legas, Ibadan da Fatakwal su ne ke kula da kwamfutocin makarantu, asibitoci da ƙananan kamfanoni. Wata matsala da kusan kowannensu ke cin karo da ita: ma'aikaci ya bar aiki ko ya tafi hutu, oga yana neman wata takarda da ke cikin foldarsa a kan sabar, admin ya danna, Windows ta ce masa ba shi da izini. Shi da ke riƙe da makullin komai.

Dalilin yana cikin Group Policy. Idan aka karkatar da foldar Documents ta ma'aikata zuwa sabar, akwai wani ɗan akwati mai suna "Grant the user exclusive rights to Documents" wanda yake zuwa a cike tun asali. Muddin yana cike, mai foldar da asusun SYSTEM kaɗai ke da iko a kanta, an cire admin. Haka abin yake ga furofayil mai bin ma'aikaci duk kwamfutar da ya hau.

Abin da mutane ke fara yi, kuma shi ne ke jawo rigima, shi ne ƙwace mallakar foldar da umarnin takeown. Idan umarnin ya iso foldar da ba ka da izinin ganin cikinta, zai tambaye ka ko ya maye gurbin izinin da ke kai da naka. Ka amsa masa da e, shi ke nan, an share sunan ma'aikacin. Gobe da safe ya zo ya tarar takardunsa ba sa buɗuwa. Ba nan ta tsaya ba: kafin Windows ta loda furofayil daga sabar, tana duba waye mai foldar. In ba ma'aikacin ba ne ko rukunin Administrators, sai ta ƙi, wani lokaci ta ba shi furofayil na wucin gadi, wanda duk abin da ya ajiye a ciki zai ɓace da zarar ya fita. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, domin mutum zai yini yana aiki bai san rubutu yake a kan ruwa ba.

Ga sababbin foldoji, gyaran mai sauƙi ne. A cire alamar wancan akwati, sannan a tsara babbar foldar da sauran ke zaune a ƙarƙashinta. SYSTEM da rukunin masu kula su samu cikakken iko har ƙasa. CREATOR OWNER ya samu cikakken iko a kan ƙananan foldoji da fayiloli kawai. Ma'aikata kuwa a ba su damar ganin jeri da ƙirƙirar folda a wannan matakin kaɗai, kada ya gangara. Da haka kowa zai mallaki tasa, ba ya leƙa ta maƙwabcinsa, admin kuma ya gaji izini daga sama. Ga furofayil, a kunna "Add the Administrators security group to roaming user profiles", kuma a kwamfutocin ma'aikata ake ɗora shi, ba a sabar ba. Dukkansu biyun ba sa taɓa foldojin da aka riga aka ƙirƙira.

To tsofaffin fa? Nan ne dabarar take. Tunda SYSTEM yana da iko a kansu tun farko, ba ka buƙatar ƙwace komai. A kan sabar ɗin da fayilolin suke, ka buɗe tagar umarni da sunan SYSTEM ta hanyar PsExec na Sysinternals, da alamar -s. Kafin ka taɓa komai, ka adana izinin da ke akwai da icacls /save, domin in abu ya karkace ka mayar da /restore. Sannan:

icacls D:\Foldoji\* /grant "MasuKula:(OI)(CI)F"

Wannan ƙari ne kawai yake yi. Mallaka tana hannun mai ita, izininsa yana nan, yana iya ci gaba da aikinsa bai ma san an yi ba. Ka fara gwadawa a folda ɗaya. Kuma a bari sai an tashi daga aiki, wutar sabar tana kan inbata ko janareta mai isasshen mai, don kada NEPA ta ɗauke ana tsakiyar canza izinin dubban fayiloli.

Ka lura na ce MasuKula, ban ce Administrators ba. Da gangan ne. Idan ka hau sabar kai tsaye ka buɗe folda, tsarin UAC yana ɓoye kasancewarka cikin Administrators, sai a nuno maka maɓallin Continue. Ka danna, Windows ta liƙa sunanka na kanka a cikin izinin foldar, kuma ba ya fita da kansa. Bayan shekara biyu sai ka ga sunayen admin uku da suka daɗe da barin wurin. Rukunin da ka ƙirƙira da kanka ba ya da wannan matsala, kuma cire mutum daga ciki aikin minti ɗaya ne.

In kwafi kawai ake so, ba sai an canza izini ba ma: robocopy da alamar /B yana kwashe fayiloli da ikon ajiyar kariya. Fayil ɗin da aka kulle da EFS kuwa, izini ba ya buɗe shi, sai da makullin mai shi ko na wakilin dawo da bayanai.

Sai batun amana. Foldar ma'aikaci tana iya ƙunsar takardar albashi, sakamakon asibiti ko hotunan iyali. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare irin waɗannan. A rubuta ƙa'ida, ma'aikata su sani cewa masu kula za su iya shiga, kuma kada admin ya buɗe foldar kowa sai da umarnin oga a rubuce. A kunna rajistar bibiya a kan babbar foldar. Lamba 4663 a kundin tsaro ita ce ke nuna wanda ya taɓa fayil da lokacin da ya taɓa. Ranar da takarda ta ɓace aka fara kallon admin, wannan rajistar ce za a buɗe.