Yunwa da Ciyarwa a Kiwon Kifi: Bayani ga Masu Kiwon Tarwada a Ƙasar Haɗejiya

Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Kogin Haɗejiya ta sauya hali, kuma kamun kifi bai tsaya yadda masunta suka gada ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jama'a a Haɗejiya, Auyo, Guri da Kirikasamma suka karkata ga kiwon tarwada a tafkunan gida. Abinci shi ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, don haka ya kamata a san abin da yunwa ke yi wa kifi, da yadda ake mayar da shi kan abinci.

Jure yunwa ba baƙon abu ba ne ga kifin wannan yanki. Idan fadama ta ƙafe da rani, gaiwa takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta zauna watanni ba ci har ruwa ya dawo. Macen ƙarfasa ma takan daina ci muddin tana riƙe da ƙwai a bakinta. Sai dai tarwadar tafki ba gaiwa ba ce: tana yawo, tana ƙona ƙarfinta kullum.

Idan abinci ya yanke, kifi yakan fara da sukarin da ya adana a hanta, sannan kitsen ciki, daga ƙarshe ya koma cin tsokar jikinsa. Hanta takan ƙanƙance, hanji ya tsuke, ruwa ya maye gurbin kitse a cikin nama, ta yadda sikeli ba zai nuna girman asarar ba. Binciken da aka yi a kan kifin istajin, wanda ake kiwo a Iran da Sin da Italiya saboda ƙwansa mai tsada, ya nuna cewa bayan gajeriyar yunwa kifi yakan ci fiye da kima, ya yi saurin girma, har ya kusa cim ma 'yan uwansa. Idan yunwar ta yi tsawon makonni, cikon ba ya kammaluwa. An ga irin wannan a tarwada. Saboda haka masu ganin cewa tsallake ciyarwa hanya ce ta rage kashe kuɗi su yi hattara, domin abin da aka ajiye a buhu sau da yawa a kan sikeli ake biyansa.

Akwai lokutan da hana abinci ke da amfani. Ana dakatar da shi na kwana ɗaya kafin a tantance kifi ko a yi jigilarsa zuwa kasuwa, don kada kashinsa ya ɓata ruwa. Haka nan a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu: tarwada ta fi ci a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, kuma idan sanyi ya tsananta cinta yakan ragu ƙwarai. Abincin da aka zuba bai ciwu ba ruɓewa yake yi a ƙasan tafki. A rage shi, a kuma jinkirta ciyarwa har rana ta ɗaga.

Ƙananan tarwada kuwa ba a barinsu da yunwa ko kaɗan, domin manyan cikinsu za su haɗiye ƙananan cikin 'yan kwanaki.

Idan yunwa ta zo bisa tilas, kamar yadda ambaliyar 2022 ta datse hanyoyi a sassan masarautar, kada a cika tafki da abinci a rana guda. A fara da kimanin rabin abin da aka saba, a raba shi sau biyu ko uku a wuni, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako, ana sauya ruwa. Malaman gona na hukumar JARDA da ke ƙananan hukumomi za su iya taimakawa wajen auna kifi da lissafin abincin da ya dace da nauyinsa.