Ƙasar Ruma da Iyakar Ingilishi da Faransa

An saba koya wa ɗalibai cewa Turawa suka shata iyakar Nijeriya da Nijar suna zaune a ƙasarsu, ba su kula da kowa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya duba tarihin ƙasar Ruma, watau wajen Batsari da Safana a yammacin Katsina, zai ga iyakar nan ta girmi zuwan Turawa.

A Amurka ta Arewa Ingilishi da Faransa sun yi ta gina sansanoni a bakin iyaka suna ƙwacewa daga hannun juna, har Ingilishi suka ci Kwibek cikin 1759. A ƙasashenmu kuwa abin ya tsaya ga barazana. Inda suka fi kusa da gwabzawa shi ne Bargu, da Faransawa suka shiga Busa cikin 1897, Ingilishi kuma suka sa Lugga ya kafa rundunar tsaron iyaka. Duk da haka da takarda aka raba gardamar. Saboda haka mai neman ganuwar yaƙi a kan wannan iyaka, sai ya nemi ta Hausawa.

Ga yadda abin ya faro. Da Malam Ummarun Dallaje ya ci Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Suka haɗa kai da Gobirawa, kowane rani sai hari. Ko da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke cikin 1836, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, wutar ba ta mutu ba. Ɗan Mari, magajin Rauda, ya sami goyon bayan garuruwan Ruma, suka yi wa Katsina tawaye. Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, ya murƙushe tawayen da ƙarfi ƙwarai. Garuruwa da yawa suka zama kufai, gonaki suka koma daji.

Dajin nan shi ya zama garkuwa tsakanin Katsinan biyu, amma garkuwa ce mai cutar mai riƙe da ita, gama ta cikinsa mahara ke bi su faɗo wa talakawa ba labari, musamman zamanin Ɗan Baskore. Abin da ya rage wa mutane sai su taru a garuruwa masu ganuwa da gwalalo, su yi noma kusa da ƙofa. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan cikin 1853 za shi Sakkwato. Ya ga irin ƙarfin tsaron Kurfi, ya sauka Zakka, sa'an nan ayarinsu ya ratsa dajin zuwa wajen Zurmi cikin tsoron Gobirawa. Waɗannan garuruwa su ne sansanonin bakin iyaka na gaskiya.

Turawa kuwa da fari ba su san da wannan ba. Cikin 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi. Cikin 1898 suka sāke, suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Maraɗi ta faɗa wajen Ingilishi. Wannan ya bar Faransawa ba hanya mai ruwa daga Kwara zuwa gabas. Rundunar Bule da Shanuwan, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni cikin 1899, ta ratsa ƙasar da takarda ta ba Ingilishi, babu sojan Ingilishi ko ɗaya da zai tare ta. A shekarar nan Faransawa suka ci Damagaram suka gina sansani. Ingilishi ba su iso Katsina ba sai cikin Maris 1903, bayan cin Kano da Sakkwato, Sarki Abubakar ya karɓe su ba yaƙi.

Da suka shirya tsakaninsu cikin 1904, Ingila ta yarda a gyara iyakar don Faransa ta sami hanya. Yarjejeniyar 1906 ta mai da Maraɗi da Tsibiri ƙarƙashin Faransa, Katsina ta zauna wajen Ingilishi. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu. Watau a wannan yanki, bayan an yi shekara 16 ana ja-in-ja, layin ya komo kusa da inda yaƙin Katsina da Maraɗi ya bar shi. Turawan biyu ma, maimakon faɗa, taimakon juna suka yi lokacin tawayen Satiru cikin 1906, gama Ɗan Makaho daga ƙasar Faransa ya gudo.

Da hari ya ƙare, manoma da makiyaya suka koma cikin dajin, aka sāke kafa ƙauyuka, Sarkin Ruma yana Batsari, Yarima yana Safana. Sauran dajin aka keɓe shi, shi ne Dajin Rugu. Cikin shekarun da suka biyo bayan 2010 'yan bindiga suka mai da shi maɓoya, suka tashi ƙauyuka da yawa, mutane suka sāke guduwa manyan garuruwa kamar yadda kakanninsu suka yi.

Ya kamata malaman tarihi su koya wa ɗalibai yarjejeniyar Turawa tare da yaƙin da ya riga ta, gama ɗaya ba ta fahimtuwa sai da ɗayan. Ya kamata kuma, duk inda hali ya yi, a auna ragowar ganuwowin Ruma, a rubuta sunayen kufai daga bakin tsofaffi, tun garma da ruwan sama ba su shafe su ba.