Yadda Alamomin Hoto Suka Samu Gurbi a Fuskar Kwamfuta

Alamar hoto, wadda masu tsara manhaja ke kira aikon, ƙaramin zane ne da ke wakiltar umarni ko takarda ko manhaja, ta yadda mai aiki da kwamfuta zai danna shi maimakon ya rubuta umarnin da haruffa. Ana danganta asalin wannan dabara ga David Canfield Smith, wanda ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a 1975 a kan wani tsari mai suna Pygmalion, sannan ya kama aiki da kamfanin Xerox, inda aka ƙera kwamfutar Star da ta shiga kasuwa a 1981. Masu tsara Star sun yi koyi da teburin ma'aikacin ofis, shi ya sa alamomin da Norm Cox ya zana mata suka ƙunshi takarda da jakar fayil da na'urar buga takardu, bisa tunanin cewa duk akawun da ya saba da waɗannan kaya ba sai an koya masa ma'anarsu ba. Kwamfutar ba ta yi kasuwa ba, domin farashinta ya haura dala dubu 16, amma tunanin ya wanzu.

Wadda ta aza wa sana'ar ƙa'idojinta a aikace ita ce Susan Kare, masaniyar fasahar zane da kamfanin Apple ya ɗauka domin kwamfutar Macintosh ta 1984. Filin da aka ba ta bai wuce fiksel 32 a tsaye da 32 a kwance ba, fiksel kuwa shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta da fuskar kwamfuta ke iya nunawa, ke nan ɗigo 1,024 ne kacal, kowanne ko baƙi ko fari. A kan takarda mai layukan murabba'i ta riƙa cike gidajen ɗaya bayan ɗaya har ta fitar da agogon hannu mai cewa a dakata, da bokitin fenti, da bam mai nuna cewa na'urar ta tsaya. Ƙarancin filin ya tilasta mata zubar da duk wani ado, kuma har yau masu sana'ar na gwada sabuwar alama ta hanyar ƙanƙantar da ita zuwa fiksel 16, su ga ko siffarta za ta tsira.

Sai dai aikin Kare ɗin ne kuma ya fara nuna raunin tunanin Xerox. Alamar maɓallin umarni ta Macintosh, murabba'i mai zobe a kowace kusurwa, ta samo ta ne a wani ƙamusun alamomi, kuma a Suwidin ana kafa ta a bakin hanya domin nuna wuraren tarihi. Ba ta yi kama da komai ba, amma miliyoyin mutane sun haddace ta. Kwandon shara kuwa, wanda kowa ya gane da gani ɗaya, ya rikita jama'a da aka ce su ja faifai su jefa a cikinsa domin na'urar ta fitar da shi, tun da a hankalce abin da aka jefa a shara ya tafi ke nan. Akwatin wasiƙa mai jar tuta, da wasu manhajoji suka sa a matsayin alamar saƙo, a Amurka aka san shi, ambulan ce ta fi karɓuwa a sauran duniya. Hoton faifan fulofi ma yana nan a matsayin alamar adanawa, alhali kamfanin Sony ya daina ƙera faifan tun 2011. Sabo ne ke riƙe ma'anar alama, kamanni taimako kawai yake yi a ranar farko.

Da filin ya faɗaɗa zuwa fiksel 128 a tsarin Mac OS X na 2001, sai alamomi suka cika da inuwa da sheƙi, har zuwa 2013 da Apple ya kwashe wannan ado a iOS 7, Google ma ya fito da tsarin Material a 2014. Wannan kai-komo na yayi ne, bai taɓa ainihin matsalar ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ɗan rubutu a ƙarƙashin alama, wanda Microsoft ya sanya wa yawancin umarnin Office 2007, bayan shekaru na jera ƙananan hotuna da mutane ke tsallakewa.

Wannan magani yana da iyaka, domin rubutu na amfanar wanda ya iya karanta harshen ne kawai. Ɗan kasuwa a Kano ko Maraɗi da bai karanta Turanci ko Faransanci ba, amma yake aika saƙon murya ta WhatsApp kullum, da alamar makirufo kaɗai yake aiki, kuma galibi wani ne ya nuna masa ita tun farko. Idan kamfani ya sauya siffar irin wannan alama ko ya matsar da ita wani gefe domin ya sabunta kwalliya, irin wannan mutum ne ke fara rasa hanya, ga shi kuma ba kasafai ake sa irinsa cikin waɗanda ake gwada sabon zane a kansu ba.